Motar da na sayar saboda ɓera

Shekarun baya, da na fita takabar mijina, abu na farko da na yi ƙarfin halin taɓawa cikin kayansa shi ne motarsa. Tsohuwa ce fara, otomatik, ta sha hanya tun kafin ta zo hannunsa, shi kuma ya ƙara mata da zirga-zirgar Malumfashi zuwa Funtuwa. A cikinta ya koya mini tuƙi. Duk tsawon takabar tana ajiye a rumfa, kusa da buhunan masarar da aka kawo daga gonarsa.

Ƙanen mijina ya sa mata batir, ta tashi ba gardama. A cikin gari lafiya lau take kai ni makarantar da nake koyarwa. Ranar da na ɗauki hanyar Funtuwa gaida mahaifiyata ne ta nuna hali. Da na hau kwalta na ba ta wuta, sai ta ƙi shiga giyarta ta ƙarshe, wadda ke sa inji ya huta idan an miƙe hanya. Inji na ta kururuwa, gudu kuwa babu, ga wata 'yar fitila tana ƙyaftawa a gabana. Akwai maɓalli a jikin sandar giyar, na danna na sake dannawa, ba abin da ya canza. Har masu babur ɗauke da buhuna suka riƙa wuce ni.

Bakaniken da mijina ya saba da shi ya zaro ma'aunin man giya, ya shinshina, ya ce, "Malama, man nan ya gaji. A juye shi, a wanke matatar." Aka yi. Na gwada a hanya, tana nan yadda take. Ya tura ni wurin wani a Funtuwa da ya fi shi sanin otomatik. Wannan ya ce akwai wani ɗan ƙarfe mai aiki da lantarki a cikin giyar, shi ke buɗe wa mai hanya, shi ne ya mutu. Aka samo na hannu aka sa. Na dawo gida ina ta yi wa malamai 'yan'uwana bayanin giya kamar a gareji aka haife ni. Ko Bakori ban kai ba a tafiya ta gaba, fitilar nan ta dawo da ƙyaftawarta.

Na koma wurin na Funtuwan, ya saurari injin ya girgiza kai. "Hajiya, gaskiya giyar ce ta ƙare. Mota mai irin wannan shekaru, sai dai a sauke a sa wata."

Yayana, wanda ya tsaya mini a kan komai tun rasuwar, ya ce, "Ke da marayu a gabanki, za ki zauna kina ciyar da ƙarfe? Rabu da ita tun tana da sauran daraja." Na san gaskiya ya faɗa. Amma ni idan na zauna a kujerar direba, akwai inda ta lotsa daidai zaman mijina, kuma wannan ba magana ba ce da zan iya yi wa yayana. Na ce to. Shi ya samo mai saye, wani Alhaji mai fataucin hatsi. Ranar da aka zo ɗaukarta na shige ɗaki na ƙure rediyo.

Ba a jima ba sai ga Alhajin ya yi sallama, yayana ya shigo da shi zaure. Bayan gaisuwa ya kwance wata leda ya ajiye a kan tabarma. Guntun waya ne duk an gaigaye shi, da totuwar masara, da tsummoki.

"Hajiya, kafin in sayi giya na ce mai gyaran waya ya duba mini fitila. Wannan ya tarar a ƙarƙashin mazaunin batir. Ɓera ne ya yi gida, ya cinye wayar da ke zuwa giyar. An haɗa ta, mota ta koma garau. Giyarki ba abin da ya same ta."

Ya ci gaba, "A matsayin mai matacciyar giya na saye ta, kuma kayan marayu ne. Ban iya kwana da wannan ba. In kina so, ga makulli, a warware ciniki."

Ya ajiye makullin kusa da ledar. Wallahi hannuna har ya motsa. Sai na dubi yayana, na ga ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi don shi ya matsa a sayar. Na ga idan na ɗauka, kamar na ce masa a gaban baƙo ya cuce ni. Na ji bakina yana cewa, "Alhaji, ciniki ya riga ya ƙare. Rabonka ce. Allah ya sa albarka."

Ya sake tambaya, na sake ba shi amsar. Ya ce to lallai zai yi ciko don hakkin yara, kuma ya yi. Mutumin kirki ne. Yayana ma har gobe ban riƙe shi da komai ba, bai kuma taɓa sanin abin da ke raina ba.

Yanzu idan wani ya ce mini motarsa ta ƙi shiga giya, nakan ce a fara duba waya kafin a sauke komai, musamman in ta daɗe a ajiye. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne, sau biyu aka tambaye ni abin da nake so, sau biyu na amsa da abin da ya dace. Ban ce kara ba ta da kyau ba, amma da na ce a ba ni zuwa gobe in yi shawara, ba wanda zai mutu.

Kwanaki autata, wadda tana goye mahaifinta ya rasu, ta ce in koya mata tuƙi. Muna maganar sai ta ce, "Umma, wai wace irin mota Baba yake da ita?" Na ce mata fara ce. Ta tsaya tana jiran sauran, ni kuwa ko hotonta ba ni da shi.