Wancan Ya Buɗe Ido?

Shekarun baya can, ina sabon ɗalibin likitanci, na dawo hutu gida Yelwa da farar riga a jaka da kai cike da sunayen ƙasusuwa. Har lokacin hannuna bai taɓa sauka kan mara lafiya mai rai ba, gawa kawai muka sani a makaranta. Na yi ta naci har wani likita abokin kawuna ya yarda in riƙa bin sa a asibiti, da sharaɗin in kalla, in yi tambaya, hannuna kuwa ya zauna a aljihu. Ni ko na rataya abin sauraren ƙirji a wuya ina taku ɗaiɗai. 'Yan kabu-kabu suna ce mini dokta, ni kuma ina amsawa ba kunya.

Wata ranar damina da hantsi aka shigo da wani yaro ƙarami daga wata ruga ta wajen Shanga. Kwale-kwale suka fara hawa kafin babur. Kakarsa ce ta goyo shi, baffansa na biye, sai wata matashiyar mata can baya. Zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini. Likita ya ja fatar idon yaron ta ƙasa ya ce in duba. Wurin da littafi ya ce ja ne, sai na gan shi fari fat.

"In bai samu jini yau ba, ba zai kai gobe ba," in ji likita. Irin nasa kuma babu a ajiye.

Aka gwada baffan, bai dace ba, ya fita kasuwa neman 'yan garinsu. Kakar ta tsufa, Hausarta ma kaɗan ce, sai kuka take. Uban yaron yana daji da shanu. Likita ya juyo ya ce, "Je ka gano mana ko uwarsa na kusa."

Na sami matashiyar nan zaune a baranda, ta ba ƙofa baya. Tun da suka zo ko sau ɗaya ba ta kalli yaron ba, kuma gaskiya haushinta nake ji.

"Ke ce mahaifiyarsa?"

"Ni dai tare munka zo."

"To ya sunansa?"

"A tambayi tsohuwa."

Na juya zan tafi, sai na ji ta ce a hankali, idonta a ƙasa, "Wancan... shina numfashi?"

Na tsaya cak. Wancan ai sunana ne a gidanmu. Ni ɗan fari ne, kuma tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa faɗar sunana ba, saboda kunyar ɗan fari. Ba ta zama kusa da ni gaban mutane, ba ta yabona. Sai a lokacin na kalli hannun matar. Ta murɗe bakin mayafinta har zare ya fara warwarewa.

Na durƙusa ɗan nesa da ita, ban ƙara ambaton uwa ba. Na ce, "Shina numfashi. Jini ake nema, ko za a samu mai taimakon ɗan mutane."

Kafin in rufe baki ta miƙe.

Aka gwada, jininta ya dace. Ta kwanta ta juya fuska ga bango. Da ledar jinin ta cika nas ta zo zare allura, sai matar ta riƙe mata hannu ta ce, "Ku ƙara. Da saura." Nas ta ce, "Ya isa, baiwar Allah." Ta ce, "In bai isa ba ina nan."

Ranar na fara ganin ƙarin jini da idona. Na tsaya gefen gado ina kallon shi yana ɗiga, yana bin siririyar roba yana shiga hannun yaron. Duk abin da ke cikin jini na haddace shi, na ci jarrabawa a kai, amma ban san haka yake ba. Wajen la'asar tafin hannunsa ya fara ja, leɓensa ya canza, numfashin ya daina gudu. Can sai ya buɗe ido, ya yi wata magana da Fillanci, kakar ta fashe da dariya cikin kuka. Wai nono yake so. Na ce Subhanallah. Ɗazu jinin nan yana jikin wata, ga shi yanzu ya tada wani.

Matar ba ta shigo ba. Na same ta ta koma baranda.

"Wancan ya buɗe ido?"

"Ya buɗe, har ya nemi nono."

Ta ce, "To." Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Na ga abubuwa da yawa a asibiti bayan wannan, amma har yau in na tsaya kusa da ledar jini sai na tuna ta. Kuma tun ranar in zan yi wa mai jinya tambaya, nakan fara duba wanda ya zauna nesa.

Da almuru na koma gida. Inna tana soya kifi a tsakar gida, ba ta ɗago ba, ta ce wa ƙanwata, "Tambayi wancan ko ya ci abinci." Shekara da shekaru kalmar nan tana ɗan sosa mini rai. Ranar kuwa ƙwalla ce ta cika mini ido.

Na ce, "Inna, wancan bai ci ba."

Ba ta kalle ni ba. Ta zaɓi kifin da ya fi duka girma, ta sa a kwano, ta turo shi wajena.