Ranar da Nababa Ya Je Silimar Birni

A Tudun Giginya, ƙauyenmu da ke gefen hanyar Bici, gona ba ta da nisa da gida. Kana fitowa daga zaure sai ka taka kunya. Don haka mutane suka yi ta surutu lokacin da Nababa ya yanki lungu guda na gonarsa ta bayan gida, wurin da zai iya ba shi dami biyu na gero, ya kafa rumfar kara, ya jera bencina huɗu, ya ɗora talabijin a kan wani tsohon turmi da ya kife. Wannan rumfa ita ce silimarmu, yau shekara ashirin da ɗoriya.

Nababa manomi ne kamar kowa. Gero, dawa, wake a tsakani, gyaɗa in taki ya samu. Abin da ya raba shi da sauranmu shi ne cin ranin da ya yi a Kano yana saurayi. Tsaransa wasu suka yi dako, wasu ga-ruwa, shi kuwa ya samu aikin shara a wani tsohon gidan silima marar rufi. Rani bakwai yana share ɓawon gyaɗa da tukar rake, yana kallon duk abin da aka haska. Da aka rufe gidan aka mai da shi sito, ya dawo da adaka guda cike da kaset. Daga baya ya riƙa ƙara faifai duk inda ya tsinta, a kasuwar Bici, a hannun direbobi, a wurin 'yan ci-rani masu dawowa daga kudu.

Bayan la'asar ake farawa, a tashi kafin magariba, kuma dokarsa ɗaya ce: ba a maimaita fim a wata guda. Litinin na Indiya, Talata na 'yan Cana masu tashi sama, Laraba na Hausa. Alhamis kuwa ranar laluba ce. Zai rufe ido ya zura hannu a adaka, abin da ya fito shi za a gani, ko da kuwa mene ne. A haka muka taɓa shafe awa ɗaya da rabi muna kallon kifaye a ƙarƙashin teku, babu mutum ko ɗaya, kuma ba wanda ya tashi. A haka kuma wata Alhamis aka ciro faifan malaman gona na koyar da adana wake a buhu. Badaru mahauci ya fusata, ya ce shi faɗa ya zo gani, ba wake ba. Amma ya zauna har ƙarshe, kuma a shekarar nan wakensa bai yi ƙwari ba. Ranar Asabar da hantsi talabijin na shiga cikin gida, matarsa Hure ta tara matan unguwa, maza kuwa ko leƙe.

Sai aka shiga shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo. Taki ya gagari talaka, mudun masara ya zama abin da ake tambayar farashinsa da sassanyar murya. Janaretan Nababa ya koma yin kwana uku a mako, ya koma ɗaya, daga nan ya yi shiru, kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin shan inuwa. Nababa ya rage fita. Da la'asar sai ka gan shi a rumfa shi kaɗai, yana goge faifai da gefen rigarsa yana mayarwa.

'Yarsa Huseina tana karatu a jami'ar da ke wajen Rijiyar Zaki. Wata Asabar ya kai mata ɗan wake da garin tuwo, ta ga yadda ya rame, ta ce, "Baba, zamanin rumfa ya wuce fa. Zo in kai ka ka ga silima ta gaske, sai hankalinka ya kwanta ka haƙura da tarkacen nan."

Ya ce, "Tarkace? To mu je in ga wadda ba tarkace ba."

Ta kai shi wani katafaren kanti a cikin birni. Matakalar da ke tafiya da kanta ce ta fara ba shi wahala. Ya tattare babbar rigarsa, ya yi bisimilla sau uku, ya ce wa Huseina in ta kai shi inda bai yi niyya ba, ita ce shaida. A sama suka tarar da ƙofofi shida a jere, kowace da lambarta, ga wata budurwa a bayan gilashi tana sayar da tikiti, an rubuta sunanta, Amsa, a ƙirjin rigarta.

Nababa ya ƙirga ƙofofin da yatsa, fuskarsa ta washe. Ɗakuna shida! Shi da ke da rumfa ɗaya yana juya fim bakwai a mako, ina ga mai ɗaki shida?

Ya ce, "Sannu 'yata. Me kuke da shi a ɗaki na ɗaya?"

Ta nuna masa wani babban hoto, ƙato ne sanye da rigar ƙarfe, gari na cin wuta a bayansa.

"Madalla. Na biyu fa?"

"Shi ne dai, Baba. Ƙarfe uku zai fara."

"Na uku?"

"Shi ne, amma da tabarau ake kallo."

"Na huɗu da na biyar?"

Amsa ta fara danne dariya. "Shi ɗin ne dai."

Nababa ya gyara hula. "To, Allah ya sa na shida ya fitar da mu kunya."

"Na shida daban ne," in ji ta. "Ƙanin wannan ne, shi rigarsa ja ce."

Ya juya ya dubi Huseina, ya sake duban ƙofofin. Ya ce, "Yanzu mutum ya mallaki gona shida, ya bi su duka ya shuka dawa zalla? Ba wake, ba gyaɗa, ba ko yakuwa a bakin iyaka? Ranar da gidansa suka gaji da tuwo fa?"

Amsa ta sunkuyo kusa da gilashin ta rage murya. "Wallahi Baba ba mu muke zaɓa ba, daga sama ake aiko mana. Mako biyar ke nan. Ni har a mafarki nake jin maganar mutumin nan."

"Allah sarki," in ji Nababa, da tausayi na gaske.

Suka shiga ɗaki na biyu. Gaskiya ɗaya ce, kuma bai taɓa ɓoye ta ba: hoton ya burge shi. Ya ce fuskar ƙaton ta kai faɗin bangon masallacin Juma'a, in aka buga wani abu kuwa har cikin haƙarƙarinsa yake ji. Sai dai sanyin ɗakin ya shige shi, kujerar ga laushi, ga guggurun da Huseina ta saya masa. Ya yi barci gari na cin wuta, ya farka gari na cin wuta. Ya tambaye ta ko ya rasa wani abu, ta yi tunani ta ce a'a.

Huseina ta zaci zai dawo gida a sanyaye. Sai ga shi ya sauka daga motar Bici yana tafiya kamar wanda aka yi wa albishir. Ya zauna a tsakar gida ya ba Hure labari tun daga matakala har zuwa ƙanin mai jar riga.

Ya ce, "Uwar Huseina, ashe mu ne masu arziki. Wuta kawai muka rasa."

Hure tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, tun da janaretanka ya mutu matan unguwar nan ba su da aiki ranar Asabar sai gulma, kuma rabinta tawa ake yi. Ka ja akuyoyina biyu ka kai kasuwa, ka sayo solar nan da ake faɗa. Amma da sharaɗi. Lahadi ma ta zama tamu."

Ya yi ƙoƙarin ya tsaya a rabin Lahadi, ta ci gaba da tankaɗenta. Ya ja awaki.

Solar da awaki biyu suka iya saya ƙarama ce. Tana ɗaukar talabijin, amma in aka haɗa babbar lasifika batir ba ya kaiwa ƙarshen fim. Dole aka cire ta, sai 'yar muryar talabijin da ba ta wuce bencin gaba. Na baya suka fara ƙorafi. Nan Nababa ya miƙe, ya tsaya a gefen turmi, ya fara faɗa wa mutane abin da ake cewa. Ba ya jin Indiyanci, ba ya jin yaren Cana, amma bai taɓa inda-inda ba. A bakinsa sarkin Indiya kan yi faɗa da ɗansa kan iyakar gona, jarumin Cana kuwa kan rama jakinsa da aka sace. Rumfa ta cika fiye da zamanin janareta.

Huseina ma ta sauko daga ra'ayinta. Da ta zo hutu ta kawo masa memori cike da finafinan da ta karɓo a wurin ƙawayenta, na Sudan, na Habasha, na Turkiyya, har da wasu da ita ma ba ta san ƙasarsu ba. Ranar da aka sa na Sudan, an yi rashin sa'a Mala mai kanwa yana bencin gaba. Iyayensa daga Barno suka zo tun kafin a haife mu, kuma yana jin Larabcin Shuwa.

Wani dattijo a fim ɗin ya ɗaga hannu yana magana da zafi. Nababa ya ce, "Cewa yake, duk wanda ya sake barin awakinsa suka shiga gonata, sai mun je gaban dagaci!"

Mala ya yi gyaran murya. "Nababa, ba haka ya ce ba. Maganar shayi yake yi. Ya ce an cika masa sukari."

Nababa ya dubi Mala, ya dubi talabijin, ya ce, "To ai saboda ɓacin ran awakin ne shayin bai yi masa daɗi ba."

Aka fashe da dariya har Badaru ya zame daga benci. Da aka lafa, Nababa ya jawo kujera 'yar tsugune ya ajiye a ɗaya gefen turmin, ya ce Mala ya dawo nan. Daga ranar, duk fim ɗin da ke da Larabci su biyu suke yinsa. Mala ya faɗi abin da aka ce, Nababa ya faɗi dalilin da ya sa aka ce. Sukan yi musu a tsakiya har a tsayar da fim a jira su gama, kuma akwai masu takowa daga ƙauyukan Dawakin Tofa don musun nan kawai.