Des Trevaskis Ya Fita Bai Adana Ba

Desmond Trevaskis ya tsufa ne a ofishin ruwa na garinmu, garin masu haƙar ma'adinai a tsakiyar Ostireliya. Ni ke riƙe da fayilolin ma'aikata, teburina yana kallon nasa. Shi ke kula da kwamfutocin mitocin gari, duk a kan tsarin Linux, kuma da wata tsohuwar manhaja, vi, yake rubutu: baƙin allo, ba linzamin kwamfuta, sai yatsu. A vi, in ka gama sai ka buga :wq, wato adana ka fita. In kuwa ka buga :q! to ka fita ka watsar da duk abin da ka rubuta.

Abokin tsokanarsa a ofis Stavros Kalligeros ne, mai rubutu da Emacs, manhajar da ke kishiyantar vi. Ba ranar da za a sha shayi ba su taɓa juna ba.

"Tsoho, har yanzu da gatari kake sassaƙa?" in ji Stavros.

"Gara gatarina. Naka ai sai mutum ya ari yatsun maƙwabci kafin ya buɗe shi."

Sai aka kawo sabuwar shugaba, Misis Pruitt, ta ce kowa ya koma sabon tsari mai linzami. Stavros ya koma nan da nan. "Ni abinci na zo nema, ba addini ba," in ji shi. Des ma ya yi ƙoƙari, yatsunsa ne suka ƙi. Kowane saƙonsa sai ya ƙare da :wq. A tsakiyar jimla sai ka ga jjj, yana neman gangarawa ƙasa kamar yadda ya saba. Misis Pruitt ta ce ruɗewar tsufa ce, ta kira zama a duba ko zai ci gaba da aiki.

Ni na rubuta bayanin zaman. Des ya faɗi ma'anar haruffan, Misis Pruitt ta ce ai kowane tsoho yana da bayani. Sai ta juya wajen Stavros, wanda zai gaji kujerar Des.

"Kai ka san wannan shirmen?"

Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana yi wa waɗannan haruffa dariya ya dubi silin.

"Madam, ni ban taɓa aiki da vi ba."

Ba ƙarya ya yi ba. Haka na rubuta, kalma da kalma.

Aka yanke a sallami Des. Ranar sallama aka sayo kek da lemo. Stavros ya miƙo hannu.

"Ba gaba ko, mutumina?"

Des bai karɓa ba. Ya ɗauki alƙalami ya je farin allon bango, ya rubuta :q! da manyan baƙi, ya saɓa rigarsa ya fita.

"Kun gani ko?" in ji Misis Pruitt. "Abin tausayi."

Kowa ya ci gaba da cin kek. Stavros kaɗai ya ajiye farantinsa.