Babur Ɗin Surukin Dogo

Duk wanda ya kawo wa Dogo babur, kafin ya dubi babur ɗin sai ya saci kallon takalmin mai shi na hagu. Mutane ba sa lura, sun ɗauka kunya ce ke sa shi sunkuyar da kai. Kunyar ma akwai ta, amma a jikin takalmin nan yake gane yadda mutum ke sa giya, ko mai lallaɓawa ne ko mai harbinta kamar jaki.

Rumfarsa 'yar ƙarama ce, jingine da katangar shagon fenti. Benci ɗaya ne a ciki, sai kwanon kananzir na wanke ƙarafa, da tsohon buhu da yake jera kayan inji a kai bi da bi yadda ya kwance su. Tun yana saurayi yake wurin, ga shi har furfura ta fara leƙowa. 'Ya'yansa mata sun san warin baƙin mai kafin su san ƙamshin turare. Mai faci da ke gefensa kullum cikin tsokanarsa yake, wai duk ranar da Dogo ya yi dogon zance sai an yi ruwa.

Ran nan da hantsi surukinsa, mahaifin matarsa, ya turo babur yana haki. Sana'ar tsohon ita ce rarraba wa shaguna ƙwai. Ya ce giya ta biyu ce ke zamewa ta koma firi, wato babu giya, jiya ma a hawan gada ta yi masa haka, babur ya ja da baya, ƙwai suka zube a kwalta. 'Ya'yansa maza sun ce in aka kuma, za su karɓe makulli ya zauna a gida.

"Ka taimake ni, ɗana," in ji shi. "In suka zaunar da ni, tsufan da suke faɗa zai kama ni da gaske."

Dogo ya tsiyaye mai, ya raba injin gida biyu. Ɗan ƙarfen nan mai baki biyu da ke riƙe giya a mazauninta ya cinye ta gefe ɗaya, yana ƙyalli kamar an goge shi, haƙoran giyar kuma sun dakushe. Canza su ba wuya. Abin da ya dame shi shi ne abin da ya gani a takalmin: tsohon yakan bar yatsunsa a ƙarƙashin sandar giya yana tallabe da ita duk tsawon tafiya. In bai daina ba, sabon ƙarfen ma haka zai cinye. To da wane baki zai ce wa mutumin da ya ba shi 'ya, wanda ya koya wa rabin layin tuƙi, ƙafarsa ce ke ɓata babur?

Da tsohon ya tafi shan inuwa, mai faci ya ba da shawara a faɗa masa gar da gar. Dogo ya ce shi ya sa har yanzu ba wanda ya ba shi mata. Mai faci ya yi dariya har ya saki tiyon iska.

Sai bayan la'asar ya gama haɗa injin. Da ya zo mayar da sandar giya, ya tsaya yana juya ta a hannu. Sai ya ɗaga ta sama kaɗan da inda take, yadda yatsu ba za su taɓa ta ba sai mutum ya ɗaga ƙafa da niyya, ya ɗaure noti.

Tsohon ya hau, ya nufi gada. Dogo ya bi ƙarar injin da kunne har ta ɓace. Can sai ga shi ya dawo, ya kashe babur, bai sauka ba.

"Ka ɗaga mini sandar nan."

"Na ɗaga, Baba."

Tsohon ya dubi ƙafarsa, ya dubi surukin nasa da ke ta goge sifana wadda ba ta da datti.

"Ashe ni ne."

"Ƙafar ce ke neman wurin hutawa, Baba. Yanzu sai ta huta a kan mataki."

Tsohon ya yi murmushi, ya ce gadar kam ya haye ta kamar yana saurayi. Ya tambaya me za a faɗa wa yaran. Dogo ya ce ƙarfe ne ya cinye, an canza shi, kuma ba ƙarya a ciki. Da tsohon ya sa hannu a aljihu zai biya, Dogo ya ja da baya, don haka tsohon ya ajiye masa kiret ɗin ƙwai a kan benci, ya ce na jikokinsa ne, ba na Dogo ba, balle ya yi gardama.

Da Dogo ya koma gida matarsa ta tare shi da tambayar ko makullin Baba ya tsira. Ya gyaɗa kai, ya miƙa mata ƙwan. Sannan ya wanke hannu da omo, ya zauna a bakin ƙofa yana gyara wa autarsa zif ɗin jakar makaranta.