Agugun Dutsen Jikwoyi

Har yau ban manta da ranar da na ga Dakta Hadiza tana roƙon mai fasa dutse ba. Matar da ko shugaban sashe ba ta sassauta wa murya!

Ni ma'aikaci ne a ɗakin adana busassun tsirrai na jami'a. Aikina in bi Dakta daji mu tsinko agugu, tsiron nan marar fure mai son damshin duwatsu, in shimfiɗa shi cikin tsofaffin jaridu, in danne da katako har ya bushe. Ƙa'idar ita ce, ganyen da bai fitar da ɗige-ɗigen iri a bayansa ba, ba a iya tabbatar da sunansa. Ɗaukarsa wahalar banza ce.

Farkon damina muka ci karo da wani nau'i da ba mu da shi, cikin tsagin dutse a bayan Jikwoyi. Dakta ta juya ganyen, babu iri ko ɗaya, sai ya ƙara makonni. Ga shi kuwa masu fasa dutse har sun huda ramukan nakiya a gefen.

Shugaban leburorin, Oga Bulus, ya saurare ta yana share gumi.

"Madam, saboda ciyawa? Manaja yana jira, tifa yana jira."

"Ban ce ka tsaya ba," in ji ta. "Don Allah ka fara ta gabas. Shekara da shekaru nake neman tsiron nan."

Ya leƙa tsagin, ya dube ni ko zan fassara masa wannan hauka. Na kau da kai, don ni tuni na fid da rai.

Da muka koma tsakiyar damina, rabin dutsen ya tafi. Amma tsagin na nan, an kewaye shi da jan ƙyalle, ganyen kuma ya cika da iri. Dakta ta miƙa wa Bulus almakashi. A aikinmu, wanda ya yanka shi ake rubuta sunansa a jikin samfurin, kuma ba a gogewa.

"Yarana za su iya zuwa su gani?" ya tambaya.

"Ko jikokinka," in ji ta.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata, in kun je daji ku fara gaida wanda kuka tarar a wurin. Dutsen nan ya zama tsakuwar gine-ginen Abuja. Wannan nau'in agugun guda ɗaya tak muke da shi, kuma sunan mai fasa dutse ne a jikinsa.