Kunyar Harami Ta Sa Jirgi Ya Bar Ni

A shekarun da aka fara jigilar alhazai ta sama daga Kano, ni ɗan kasuwa ne a Fagge, ina sayar da atamfa da yadin akoko, na haura hamsin, ga ni da son girma kamar me. Sai fitsari ya fara yi mini gardama, ƙugu ya riƙe, har ruku'u ya gagare ni. Likita ya ce ciwon daji ne a wani ƙulli da maza ke da shi a bakin mafitsara. Ya ba ni wasu 'yan ƙwayoyi, ya ce sinadari ne irin na jikin mata, shi ke danne ciwon, kuma kada in kuskura in daina sha. Wallahi kamar an zare ƙaya! Fitsari ya saki, ƙugu ya miƙe, na koma takawa da ƙafata har kasuwar Sabon Gari ina gaisawa da wanda na sani da wanda ban sani ba. Don murna na yi alwashin a bana sai na sauke farali, kuma ta jirgin sama.

To amma maganin ya zo da nasa. Tashin zuciya da kumburin ƙafa ban ɗauke su komai ba. Sha'awa ta ɗauke, mai ɗakina ta ce ita dai numfashina take so, na ji daɗi har na yi ƙwalla. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙirji. Ya tasa kamar na budurwa, ga zafi ko riga ta goge shi. Babbar riga ta rufa mini asiri a kasuwa, amma duk lokacin da na tuna harami, ƙyalle biyu babu ɗinki, sai in riƙa hango kaina tsirara daga cibiya zuwa wuya a gaban abokan kasuwa da za mu tafi tare, mutanen da ba sa barin abin dariya ya wuce su. Ban tambayi kowa ba. Na daina shan ƙwayoyin a ɓoye, wai ƙirjin ya saɓe kafin tafiya.

Ƙirjin bai saɓe ba, ciwon ne ya farka. Ana ta shigowa yi mini sallama, gida ya cika da ƙamshin dubulan da kilishin guzuri, sai fitsari ya ɗauke cak, mara ta kumbura, aka kwashe ni ranga-ranga zuwa asibiti aka zura mini robar fitsari. Ina kwance na ji rugugin jirginmu ya ratsa saman gari. Na juya fuskata bango na yi kuka irin na yara.

Maƙwabcina, wani dattijo Bayarabe da ya taɓa zuwa Makka ta ƙasa, shi na fara gaya wa gaskiya da ya zo dubiya. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce ai mayafin harami lulluɓe kafaɗu da ƙirji yake yi, kafaɗar dama kaɗai ake buɗewa, ita ma sai a ɗawafin isowa. Nan take ya ɗauki mayafin mai ɗakina da ke ninke a gefen gado, ya warware ya yafa mini, ya nuna mini yadda ake kama shi. Babu abin da ya fito. Likita kuwa ya yi faɗa sosai, ya mai da ni kan magani, ya ce Allah ya so ni ciwon bai riga ya ƙwace ba.

Da shekara ta zagayo na hau jirgin nan da ƙwayoyina ƙulle a lalita. Da ya ɗaga, na hango rufin Fagge ya koma ƙanana, na ɗaga murya da Labbaika tun ba a kai wurin yin ta ba, mutane suna ta dariya, ni ma ina yi.

'Yan'uwana maza da ke kan irin wannan magani, jiki zai canza, kuma za ku ji kunya, ban ce ba za ku ji ba. Amma ku faɗa wa likita, ku faɗa wa iyali, ku tambayi wanda ya riga ku. Ni na kusa ba da raina don gudun dariyar da ba a ma yi ba.