Bakin da na yi wa ɗan mutane a Zoza

Ni dai gyaran keke na iya, shi nake yi a gindin durumin nan na Unguwar Hajji ta Karaye tun ina da haƙora cikakku. Karatuna bai wuce in gane lambar taya ba. Shigata fim kuwa, gemuna ne ya jawo mini.

Wata bazara masu shirya fim suka zo daga Kano za su wuce Zoza. Dattijon da zai fito musu a uba bai samu zuwa ba. Daraktansu, wani siriri, ya tarar da ni ina faci, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya ce, "Baba, gemun nan duk naka ne?"

Na ce aro na yi, gobe zan mayar. Ya ce to shi ma aronsa yake so, har da mai shi.

Na shiga gida na gaya wa tsohuwata, uwar 'ya'yana, don ita ce gwanar kallon irin waɗannan a wayar jikarta. Da ta ji uban saurayi zan fito, ta ce, "To ɗan naka zai ci amanar yarinya, ita kuma ta rama. Kullum haka ne. Malam, ka dai goge ƙafarka, kada duniya ta ga faso."

A Zoza aka nuna mini ɗan nawa, saurayi mai ladabi, har takalmi ya gyara mini. Aikin farko aka kwantar da ni a gado, wai ina gargarar mutuwa, in ce na yafe masa. Na ce me ya yi mini? Darakta ya ce bai yi ba tukuna, sai an jima. Na yafe. Da aka ci abinci sai ga ni garau da babbar riga ana ɗaurin aurensa. Bayan azahar amaryar nan ta yi sallama a zaure, wai baƙuwa ce ban taɓa ganinta ba. Na ce, "Amarya, ya gajiyar biki?" Aka tsayar da aiki, mai kyamara ya zauna a ƙasa don dariya.

Da la'asar aka ce in tsine masa.

Na ce ai da safe na yafe. Darakta ya ce wancan ƙarshe ne, yanzu muna tsakiya. Ni kuwa ko 'ya'yan cikina ban taɓa yi wa baki ba, domin na ga abin da bakin tsoho yake yi wa yaro. Saurayin ya ce, "Baba, tsine kawai. An sha tsine mini a fim, ga ni ina ƙiba." Na ce waɗancan 'yan wasa ne, ni tsohon gaske ne.

Da suka matsa na yi. Darakta ya ce kamar ina yi masa barka da asuba. Na sake, ya ce da saura. Can ya matso ya ce, "Baba, tuno wani da ya taɓa ƙona maka rai." Sai na tuno maƙwabcin gonata a Kafin Dafga, wanda awakinsa suka cinye mini rogo, na je yi masa magana ya ce ai rogon ma bai yi kyau ba. Raina ya ɓaci na gaske. Na nuna yaron nan da yatsa, na zuba abin da aka ba ni, na ƙara da nawa. Sai aka tafa. Yaron yana durƙushe yana hawaye, ban sani ba ko nasa ne ko wani abu suka shafa masa.

Tun a mota abin ya tsaya mini. Zuciyata tana kan maƙwabci, yatsana yana kan ɗan mutane, sunan da na kira kuma na wanda ba a taɓa haifa ba ne. To wa tsinuwar ta kama? Na tambayi malamin da makarantarsa ke bayan rumfata. Ya ce niyya ake dubawa, in je in nemi gafarar maƙwabcin. Na ce, "Allah gafarta malam, ai ya daɗe da rasuwa." Ya shafa gemu, ya ce in dawo gobe.

Ban jira goben malam ba. Da safe na hau keke na koma Zoza, na ce a kunna kyamara, yaron ya durƙusa. Na janye bakina, na sa masa albarka har da 'ya'yan da bai haifa ba. Darakta ya ce za a saka, in sha Allah.

Da fim ya fito na zauna gefen tsohuwata muka kalla har ƙarshe. Yarinyar ta rama, sannan ta yi kuka, sannan kamar sun shirya, ban dai gane ba. Janyewata kam babu ita.

Ta ce, "To ba ga shi ka yafe masa a gado ba?"

Na ce wannan da safe na yi, tsinuwar kuwa da la'asar.

"A fim ai yafiyar ce daga baya."

Na ce Allah ba fim ya kalla ba, yinin ya gani. Ta ce in matsa mata, ina tare mata iska.

Yanzu wurin tsinuwar nan shi samari suka yanko suna tura wa juna. Ina cikin aiki sai in ji muryata ta tashi daga aljihun wani, tana yi wa ɗan mutane baki tun daga farko. Sai in ajiye famfo in ce na janye, Allah ya yi masa albarka. Ran kasuwar Karaye nakan wuni ina janyewa. Waɗanda ake kunnawa a Rogo da Kano, da ba sa zuwa kunnena, su ne har yau ban san yadda zan yi da su ba.